Jami'a ko koyon sana'a: ina zan zuba kuɗin?

Tambaya: Ɗana ya gama sakandare, kuma abin da na tanada ba zai ishi hanya biyu ba. Shi aikin wayarin, wato haɗa wayoyin lantarki a gidaje, yake so. Ni kuwa tsorona ranar da ƙarfinsa zai ƙare. In matsa masa ya tafi jami'a?

Amsa: Malam, ka fara duba aikin da yaron yake hari. Likita, lauya da mai haɗa magunguna ba sa aiki sai da digiri da lasisi, nan babu zaɓi. Wayarin ba ya cikinsu, kuma cikin shekara 2 zuwa 3 zai fara samun na kansa, alhali ɗan jami'a sai ya yi 4 ko fiye kafin ya fara neman aiki.

Amma tsoronka yana da tushe. Binciken da masanin tattalin arziki Eric Hanushek da abokan aikinsa suka wallafa a 2017 ya nuna masu sana'a sun fi saurin samun aiki da ƙuruciya, sai dai fifikon yana raguwa idan shekaru suka ja, domin fasaha tana canzawa ta bar wanda hannunsa kaɗai ya koya. A Jamus kuwa ɗan koyo yana yin kwana 3 ko 4 a wurin aiki, kwana 1 ko 2 a aji, tsawon shekara 2 zuwa 3 da rabi, ana kuma biyansa alawus.

Ga amfanin ajin. Murhun lantarki mai wat 4,600 a kan wutar bolt 230 yana jan amfiya 20, wato a raba 4,600 da 230. Wayar milimita 1.5 ta fitilu ce, ba za ta ɗauki wannan nauyi ba. Wanda bai iya lissafin ba zai ja ta haka, ya ɗora mata bireka (abin da ke katse wuta in nauyi ya yi yawa) mai amfiya 32 don kada wuta ta riƙa yankewa. Wayar za ta yi zafi, robarta ta narke tun bireka bai faɗi ba, gobara ta tashi a cikin silin. Wanda ya iya lissafin kuwa, ko gwiwa ta hana shi hawa tsani, shi ne zai zana aiki, ya yi kiyasin kaya, ya duba na yara.

Mu dai shawararmu, ka bar shi ya koyi abin da yake so, da sharaɗin ya haɗa da makarantar fasaha, ko da ta yamma ce.

Tambaya: Zan fara koyon wayarin wata mai zuwa. Wane kaya zan saya, kuma yaya zan gane ogan kirki?

Amsa: Ɗan'uwa, kafin ka biya ko sisi a rubuta yarjejeniya: tsawon koyo, ayyukan da za ka taɓa da hannunka, da shaidar da za ka samu a ƙarshe. Ka je shagon ka ga yaran da suka shekara biyu. In har yanzu aike da ɗaukar tsani suke yi, nemi wani.

Kaya kuwa, filaya, abin yanke waya, sukundireba masu rufin da aka rubuta 1000V, da mitar awon wuta sun isa. Kada ka dogara da testa mai ƙwan fitila, haskenta ba ya fita sosai a rana, sai ka ɗauka waya ta mutu alhali da wuta a jikinta. Injin huda bango ka jira tukuna, na oga zai ishe ka a shekarar farko.