Tambaya da Amsa: Mai kitso ba ta jin maganata, in canza ta ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki ba ni shawara. Ina zaune a Unguwar Rogo nan Jos, akwai mai kitson da nake zuwa wajenta, hannunta yana da kyau ba ƙarya amma wallahi ba ta jin magana. Bikin ƙawata da aka yi na nuna mata hoto a waya, shuku ne ƙanana mai ɗan lanƙwasa ta gefe, ta kalla sau ɗaya ta ce ai wannan mun saba, ta kifa min kai tana ta hira da maƙociyarta, da aka gama na duba madubi sai ga manyan layi kamar kunyar dankali. Na biya kuɗina na fito ban ce komai ba, sai a gida na yi ta kuka. Ta girmi yayata, ina jin nauyinta sosai. In canza ta ne ko yaya zan yi?
Daga wata ƙanwarki, Unguwar Rogo.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Kafin mu zo kan canzawa bari in tambaye ki, tsakanin lokacin da ta ɗauki kibiya ta fara tsaga da lokacin da ta gama, sau nawa kika ɗaga kai kika duba? Na san amsar, ko sau ɗaya. Toh a nan aka bar ki. Magana da mai kitso lokacinta kafin a fara ne da kuma bayan layi biyun farko, in aka wuce rabin kai babu makitsiyar da za ta yarda ta tsefe aikin awa biyu da daɗin rai, ke ma kanki ba za ki iya cewa a tsefe ba.

Shi hoto kuma ba ya magana. Ke abin da kika gani a ciki shi ne ƙanƙantar layin da lanƙwasar nan, ita kuma abin da ta gani kawai shuku, ta yi miki shukun da hannunta ya saba. Saboda haka in kin nuna hoto ki bi shi da baki, ki ƙirga mata layin a gabanta, ki ce guda kaza nake so a kowane gefe, daga nan zai tashi, a nan tsakiyar kai zai haɗu ko kuwa can ƙasa kusa da ƙeya, jelar a sake ta ko a naɗe, da gashin doki ko zallan nawa. In da hali ki nemo hoton da ke nuna gaba da gefe da ƙeya, don yawancin hotunan Instagram gefe ɗaya ake ɗauka, bayan kan kuma sai mai kitso ta cike shi da tunaninta. Sannan ki tambaye ta tambaya ɗaya da mutane ba sa yi: kaina zai ɗauki wannan? Wata mai hoton gashinta ya ninka naki cika, wata ƙari ne aka yi mata, makitsiya mai gaskiya za ta taɓa kanki ta faɗa miki abin da zai yiwu, wadda ta ce mun saba ba tare da ta ko taɓa gashin ba ki fara shan jinin jikinki.

Sai maganar kuɗi, wadda mu ma muna da namu laifin. Ƙananan kitso lokaci yake ci, wani sa'in ninkin manya, in kika zauna kika yi ta ciniki har kika sauko da ita kuɗin manya, ba za ta yi musu da ke ba, za ta karɓa ta yi miki manya. Ku gama ciniki a kan ainihin abin da ke cikin hoton tun ba ki cire ɗankwali ba. Haka kuma ranar da kika zaɓa, in kika je ana gobe ɗaurin aure ko jajiberin sallah mata biyar na zaune a tabarma suna jiran layi, hankalinta na kan su ne. Ki je tsakiyar mako da safe, da kanki a tsefe a wanke a taje.

Ki riƙe madubi a hannu ko ki kunna kyamarar gaba ta wayarki. Tana gama tsaga ki duba, tana gama layi na biyu ki sake dubawa. Girmanta da kike jin nauyi ba ya hana magana, sai dai ya gyara yadda za ki faɗe ta, ki ce Anti dan Allah ki yi haƙuri, wannan ya ɗan yi min girma, a rage kamar rabinsa. Shikenan fa. Wannan ba rashin kunya ba ne, kuɗinki ne kuma ke za ki yi yawo da kan nan sati biyu ko uku.

Tunda kin ce hannunta na da kyau, ni a ganina ki ƙara gwada ta sau ɗaya da wannan tsarin, don samun mai hannu ya fi wuya a kan koya wa mai hannu sauraro. In kin yi magana a fili ta sake yin gaban kanta, ki sauya ba tare da faɗa ba, kuna haɗuwa a hanya ku gaisa.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. 'Yata shekararta 7, duk ranar da aka yi mata kitso ba ta iya barci sai na ba ta farasitamol, washegari ƙananan ƙuraje su fito mata a goshi da ƙeya, yanzu ma gashin gaban ya fara ja baya. Na yi wa mai kitson magana ta ce kitson da bai yi zafi ba ba ya daɗewa, haka aka yi mana mu ma.
Maman yara, Rikkos.

AMSA: 'Yar uwa wannan kam ba maganar ado ba ce, yau ɗin nan ki tsefe mata. Kitson da sai an sha magani ake barci da shi ya yi tsauri, ƙurajen nan kuma saiwar gashin ce ake ja har ta kumbura. Likitocin fata sun san wannan zubewar gashi da jan kitso ke kawowa, kuma a goshi da saman kunne take fara nunawa saboda gashin wurin ya fi laushi. In an daina ja da wuri gashin yana dawowa, amma in aka ɗau shekaru ana yi saiwar takan mutu wurin ya yi santsi, daga nan ba man kaɗe ba man kwakwa da zai fito da shi. Ki duba manyan mata nawa ne ɗankwalinsu ke sauka har kan gira, da yawansu haka aka yi mana ɗin ne ya kai su nan.

Ki bar kan ya huta kamar sati biyu, sannan a koma manyan kitso marasa nauyi, ba gashin doki, ba roba mai ɗaurewa tam a jela, kuma a riƙa canza inda ake tsaga da inda kitson ke fuskanta. Ki zauna a wurin da kanki, ki ce a bar ƙananan gashin goshi kar a kama su. Gwajin mai sauƙi ne, in yarinyar ba ta iya ɗaga gira ko sunkuyar da kai ba tare da ta ji ja ba, a sassauta. Ga sanyin Jos da hunturun Disamba da Janairu da ke busar da gashi ya riƙa karyewa, sai ki riƙa ɗan fesa ruwa ki bi da mai. In ƙurajen sun yi ruwa, ko kika ga wani wuri ya zagaye yana ɓarewa kamar makero, ki kai ta wajen likitan fata, akwai su a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) da ke Lamingo. Mai kitson da ta ji duk wannan ta ce sai dai a ja, ki nemi wata, a nan ba na cewa a ƙara gwadawa.

TAMBAYA: Salam Anti. Na je wani salun wajen Terminus wankin kai kawai, mai shagon ta dage wai gashina ya yi tauri sai an sa rilaksa, alhali ko wata ɗaya ban yi da sawa ba. Da ya fara cina na ce a wanke ta ce in daure yanzu ne yake aiki. Yanzu kaina duk ɓawon ciwo.
Ɗaliba, Farin Gada.

AMSA: Sannu 'yata, Allah ya ba ki lafiya. Zafin nan ƙuna ce, ba alamar aiki ba. Rilaksa sinadari ne mai ƙarfi, wani irin ma da soda mai ci ake haɗa shi, aikinsa ya karya ƙarfin gashi ya miƙar da shi, in ya daɗe a fata sai ya ci ta. Gashi kusan santimita 1 yake ƙaruwa a wata, shi ya sa ake cewa a bari aƙalla sati 8 kafin a sake sawa, kuma a sabon tohon kaɗai, in aka maimaita a kan wanda aka riga aka miƙar sai ya riƙa tsinkewa. Gaba in za ki sa, ki sayi naki mai lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ki karanta mintocin da aka rubuta a kwalin ki sa agogon waya a gabanta, a shafa miki basilin a goshi da kunne da ƙeya, a wanke da shamfun da ke kashe ƙarfin maganin, kuma kar ki sosa kai kwana biyu kafin ranar. In kin ce a wanke ta tsaya gardama, tashi ki nufi wurin ruwan da kanki. Yanzu dai kar ki ɓanɓare ɓawon, ba kitso ba rini har ya warke, in yana fitar da ruwa ko wari ki je asibiti. Kuma abin da kika shiga yi shi za a yi miki, kin ce wankin kai, in ta kawo wani abu ki ce sai wani zuwan.

TAMBAYA: Anti ko maza ma za su iya tambaya? Mai askina kullum in na ce a rage kaɗan sai ya kusa yi min ƙwal, kuma yana ta tura min layin goshi baya.
Wani ƙaninki, Bukuru.

AMSA: Me zai hana, ƙanina. Matsalar kalmar kaɗan ce, kaɗan ɗinka daban nasa daban. Kilifa tana da takalma masu lamba, lamba 1 tana barin gashi kusan milimita 3, lamba 2 kusan milimita 6, haka yake hawa. Ka ce ya fara da babbar lamba ka duba, in bai yi ba a sauko, don wanda aka yanke ba ya komawa. Ranar da askin ya yi maka yadda kake so ka tambaye shi lambar ka ɗau hoto gaba da baya ka ajiye. Layin goshi kuwa ka ɗora yatsa ka ce a bi inda yake, a share gefe kawai kar a shiga ciki. Reza ta zama sabuwa a ɓare ta a gabanka saboda ciwon hanta nau'in B da ake ɗauka ta jini, in kana da hali ma ka sayi kilifarka ka riƙa zuwa da ita.