Shin hayyacin mutum aikin ƙwaƙwalwa ne kawai?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko hayyacin mutum, wato sanin da yake da shi cewa yana nan, yana ji, yana gani, aikin ƙwaƙwalwa ne kawai ko kuwa akwai wani abu bayanta. Na shafe shekaru ina sa majinyata barci a ɗakin tiyata, kuma daga can zan ba ka amsa.

Ba na shakka cewa hayyaci ya dogara da ƙwaƙwalwa. Idan na tura maganin propofol ta jijiya, kafin minti ɗaya mutumin da ke yi mini magana ya tafi, kuma idan ya farfaɗo bayan awa uku, sau da yawa yakan tambaya yaushe za a fara aikin. Duk wanda ya bi masanin falsafa Descartes, wanda ya raba rai da jiki gida biyu a 1641, sai ya amsa tambayar da Gimbiya Elisabeth ta Bohemiya ta aika wa Descartes a 1643: ta yaya abin da ba shi da jiki yake motsa jiki? Ni kuma in ƙara da tawa: ta yaya ɗan ruwan da ke cikin sirinji yake ɗauke hayyacin?

Amma dogaro daban, bayani daban. Tun da na fara wannan aiki ban taɓa ganin hayyacin kowa ba. Bugun zuciya nake gani, da awon jini, da zanen lantarkin ƙwaƙwalwa a na'ura. A 1977 wani likita mai suna Tunstall ya fito da dabarar ɗaure hannu ɗaya kafin a ba da maganin da ke hana gaɓoɓi motsi, domin kada maganin ya kai hannun, ya ci gaba da motsi, sai ga wasu majinyata suna matse hannu idan an umarce su, bayan sun farka kuma ba sa tuna komai. A 2006 masanin ƙwaƙwalwa Adrian Owen da abokan aikinsa a Ingila suka ce wa wata mata, wadda aka ɗauka ba ta san inda take ba, ta raya a ranta tana wasan tanis, na'urar ɗaukar hoto kuwa ta nuna ƙwaƙwalwarta ta amsa kamar ta masu lafiya. Ashe rashin motsi da rashin tuni ba su ne rashin hayyaci ba.

Wannan giɓin ne masanin falsafa David Chalmers ya kira matsala mai wuya a 1995: ko da mun gano kowace jijiyar da ke ɗaukar saƙon zafi, me ya sa ake jin zafin daga ciki? A ganina har yau ba a amsa ba, kuma masu cewa tambayar ruɗu ce ba su gamsar da ni ba, domin ruɗin ma sai da mai jin sa.

Shi ya sa ba na barin a yi mummunar magana a kan majinyacin da ke kwance a gabana, kuma nakan kira sunansa in gaya masa an gama tun kafin ya buɗe ido.