Fili jikin tsohon gidan mai, da rijiyar da ke warin fetur

Wani bawan Allah daga Kaduna ya ce an yi masa tayin fili mai sauƙin kuɗi jikin wani gidan mai da aka daɗe da rufewa, dillali sai matsa masa yake wai masu so sun yi yawa, ya saya ko ya haƙura?

Malam, araha ba ta ado. Fara tambayar tankunan da aka binne, an haƙe su ko suna nan? Don sau da yawa famfunan sama kawai ake kwashewa a bar tankin ƙarfe yana tsatsa, ragowar mai na tsiyaya a hankali. Fetur kuma bai kai ruwa nauyi ba, in ya sauka sai ya kwanta a saman ruwan ƙasa, wani sashe ya narke a ciki, ruwan nan kuwa tafiya yake yi, ba ruwansa da katanga balle takardar fili. A rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan ƙasar Ogoni da ke jihar Ribas an samu mai kaurin santimita 8 kwance kan ruwan ƙasa a garin Nisisioken Ogale, benzin (wani sinadari mai guba da ke cikin fetur) da ke ruwan shan mutanen garin ya ninka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) sama da sau 900, aka ce gyaran yankin zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Naka ba zai kai can ba in sha Allahu, amma ka ga dai gyaran ba wasa ba ne, sai an cire tanki, an kwashe ƙasar an baje ana juya ta da taki har ƙwayoyin cuta su cinye man, a zuƙe wanda ke kan ruwa, a yi ta aunawa. Kuɗin zai iya haɗiye na filin gaba ɗaya.

Ni dai da ni ne, zan zaga maƙwabta in shinshina ruwan rijiyoyinsu, sannan in samo masanin ruwan ƙarƙashin ƙasa, ko daga sashen jiyoloji na jami'a ne, ya huda ta ɓangaren da ke manne da gidan man ya ɗebi ƙasa a zurfi daban-daban da ruwa, a auna TPH (jimillar man da ke ciki) da BTEX (benzin da sinadarai uku 'yan uwansa). Ka riƙe sunayen nan biyu. Lauya ya rubuta cewa biya sai sakamako ya fito, in mai filin ya ƙi to ka kama gabanka.

Sai wata Hajiya daga Kano, ta ce rijiyarsu na warin fetur musamman da damina, wani ya ce ta sayi filta, wani ya ce a haƙa burtsatse, wanne ya fi?

Hajiya don Allah a daina sha da girki da shi tun yau, benzin yana jawo sankarar jini, kuma ƙa'idar WHO maikurogiram 10 ne kacal a lita (maikurogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram). Tafasawa ba mafita ba ce, tururin za ku shaƙa a kicin, alam kuma laka kawai yake kwantarwa. Kar a bar kowa ya shiga rijiyar da sunan yasa, kar a matsa da ashana ko fitila. Warin damina kuwa ruwa ne ke tasowa ya taɓo man da ya maƙale a ƙasa, in ya lafa da rani kar ki ce ya tafi.

Filtar da ke kama irin wannan ita ce mai gawayin da aka sarrafa, ba 'yar farar nan mai tare yashi ba, mai gawayin ma cika take yi ta fara sakin abin ba tare da kin sani ba, to sayenta kafin a san yawan abin da ke ruwan caca ce. Burtsatse zai iya yi in an wuce gurɓataccen ruwan aka liƙe gefen bututun da siminti sosai, in aka yi aikin sha yanzu magani yanzu sai ki buɗe wa man hanya zuwa ƙasa da kuɗinki. Gwaji tukuna, kuma ki faɗa musu na mai kike so, don gwajin da aka saba na ƙwayoyin cuta ne, zai iya fitowa lafiya lau. Kwalbar gilashi ake cikawa taf ba iska, a sa a ƙanƙara a kai da wuri. Ku haɗu da maƙwabta ku kai ƙorafi a rubuce wa NOSDRA, hukumar tarayya mai kula da malalar mai, da ma'aikatar muhalli ta jiha, wanda ya zubar shi ya kamata ya biya gyara.

Mai tambayar ko zai iya shuka alayyahu a tsohon gareji, a'a. Baƙin mai yana ɗauke da ƙarafa irin su dalma, su taki ba ya cinye su. Ka dabe wurin ka yi shago, in kuma lambun kake so ka sayo ƙasa daga wani wuri ka shuka a buhu.