Amsoshin Tambayoyinku: Kuɗin Fomatin Ya Ishe Ni, Me Zan Saya?

Wasiƙar farko ta wannan makon daga wani mai shagon buga takardu ce a Gwallameji, cikin Bauchi. Ga abin da ya rubuto:

"Malam, ina da kwamfutoci huɗu a shago, yawancin masu zuwa ɗalibai ne, kowa da filash ɗinsa. Ba a wata uku sai bairos ta kwantar min da ɗaya. Mai gyara ya zo ya yi fomatin, ya sa Windows, ya shiga neman direbobin furinta, yini guda ya tafi a banza, ga kuɗin aikinsa. Wani ya ce in sayi manhajar da ke mayar da kwamfuta yadda take, ana biya duk shekara da dala. In saya?"

Ɗan'uwa, riƙe dalarka. Abin da ya cancanci kuɗinka shi ne faifan ajiya na waje mai terabait ɗaya, da filash mai gigabait 8 wadda ba za ka ba kowa aro ba. Manhajar kuwa kyauta ce, kuma ba irin "kyautar" da ake fasa ƙwaurinta ba. Masu ita ne suka buɗe lambobinta ga duniya, kowa ya duba, ya gyara, ya raba wa wanda ya so. Sunanta Clonezilla, wani injiniya Steven Shiau da abokan aikinsa suka ƙirƙiro ta a wata cibiyar binciken kwamfuta ta gwamnatin Taiwan. Aikinta shi ne ɗaukar hoton faifan kwamfutarka baki ɗaya: Windows, direbobin furinta, Office, CorelDRAW, har da saitin da ka sha wuya kafin furintar ta yarda ta buga gaba da baya. Ranar da kwamfutar ta rikice, sai ka mayar da hoton, ta tashi kamar ranar da aka ɗauke shi.

Sai dai Clonezilla ba ta da fara'a. Shuɗin allo ne da rubutun Turanci, ba a aiki da linzami, da kibiyoyin madannai ake zaɓe. Idan wannan zai firgita ka, akwai ƙanwarta Rescuezilla, mai hotuna da maɓallai kamar kowace manhaja, kuma tana karanta hoton da Clonezilla ta ɗauka. Ta dai fi cin data wajen saukewa, domin ta ɗara gigabait ɗaya, ita kuwa yayar ba ta kai ba. Ni shawarata ka ɗora Ventoy, manhajar da ke ba filash ɗaya damar tada kwamfuta da manhajoji daban-daban, a kan filash ɗin, ka jefa su biyun ciki, duk lokacin da ka tashi kwamfuta da ita sai ta tambaye ka wacce kake so. Ka kwashe abin da ke cikin filash ɗin tukuna, don Ventoy share ta take yi ƙal.

Lokacin ɗaukar hoton shi ne inda mutane suka fi yin kuskure. Ba a ɗauka ranar da kwamfuta ta fara ciwo, in ba haka ba ka adana bairos ɗinka da hannunka. Ka bari mai gyaran ya yi fomatin ɗinsa na ƙarshe, a sa komai, a gwada furinta da sikana, sannan kafin filash ɗin kowa ta shiga, a ɗauka. Wajen kashe Windows ka danne maɓallin Shift, domin kashewar yau da kullum rabin barci ce, faifan bai gama rufuwa ba. Sa filash da faifan waje, kunna, ka yi ta danna F9 idan HP ce, ko F12 idan Dell ko Lenovo ce, ka zaɓi filash ɗin. Dalilin wannan zagaye shi ne Clonezilla ba ta ɗaukar hoton faifan da ake cikin amfani da shi, dole a tsaya daga waje.

Kada girman faifan ya dame ka. Wurin da aka zuba kaya kaɗai take kwafa, kuma tana matse shi. Faifai mai gigabait 500 da aka cika 60 kawai, hotonsa ba zai kai 60 ɗin ba, don haka terabait ɗaya zai ɗauke kwamfutocinka huɗu har da saura. Nemi ramin USB mai shuɗin harshe in akwai, ya fi baƙin sauri nesa ba kusa ba. A tsohon rami, gigabait 60 kan ci wajen rabin sa'a. Kuma tun da ka san halin wutarmu, kar ka fara sai a kan inbata ko janareta mai isasshen mai, musamman wajen mayarwa. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, kwamfutar ba tsohon tsari ba sabo, sai an faro daga farko.

A nan zan faɗa maka abin kunyata. Clonezilla ba ta san C da D ba, sunayen da Windows ke ba faifai, faifai a wurinta sda ne da sdb. Wata rana da la'asar ina sauri in tashi, na zaɓi kwafar faifai zuwa faifai kai tsaye, na juya su: wanda ba komai a ciki na kwafa a kan mai kaya. Ta tambaye ni ko na tabbata, na danna y, wato e. Ta ce bari ta sake tambaya, na sake dannawa ina duba agogo. Tun daga ranar ba na danna y sai na karanta sunan kamfanin faifan da girmansa da babbar murya, ko da yara za su yi min dariya. Kai ma ka tsaya a kan savedisk wajen ɗauka da restoredisk wajen mayarwa, ka bar kwafar kai tsaye sai hannunka ya faɗa.

Kowace kwamfuta ka yi mata nata hoton da sunanta da kwanan wata, domin lasisin Windows a ɗaure yake da uwar allon injin (motherboard), kuma hoton HP ba lallai ya tashi a kan Dell ba. Faifan da za a mayar wa hoton bai kamata ya gaza na asali girma ba. Masu sauya tsohon faifai mai 500 da SSD (sabon nau'in faifai mai sauri) mai 256 sukan ci karo da wannan, sai sun rage girman ɓangaren Windows da manhajar GParted kafin ɗauka. Idan an kulle faifan da BitLocker, makullin faifai na Windows, rubuta lambobin buɗewarsa guda 48 a takarda ka adana. Sannan idan ta tambaye ka ko ta bincika hoton bayan ta gama, ka ce e. Amma gani ya kori ji: ranar Lahadi da ba ciniki, ari tsohon faifai wurin mai gyaranka, ka mayar da hoton a kansa ka ga ko zai tashi. Da ka gama, zare faifan wajen ka sa a leda saboda ƙurar hunturu, ka kai shi gida. Faifan da ke maƙale da kwamfuta kullum, bairos ɗin da ta ci ta, ko ɓarawon da ya ɗauke ta, ba za su bar shi ba.

Tambaya ta biyu daga wata malamar sakandare ce a Jekadafari, Gombe, wadda ke karatun digiri na biyu. Ta ce tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, ƙaninta ya sa mata Linux Mint a madadin Windows a tsohuwar laftof ɗinta, ya kunna mata manhajar Timeshift ya ce ta kwantar da hankalinta. "To ashe kundin bincikena ya tsira ke nan? Ko sai na sayi wani abu?"

Malama, bai tsira ba, kuma gara da kika tambaya. Timeshift, wadda Tony George ya fara rubutawa kuma masu Linux Mint ke kula da ita yanzu, tsarin kwamfutar take gadi. Idan wata sabuntawa ta ɓata sauti ko ta hana injin tashi, kina iya komawa jiya ko makon jiya, ko da ta filash ɗin da aka sa Mint ɗin da ita ne. Amma da gangan take tsallake jakar da takardunki da hotunanki suke. Kuma kar ki tilasta mata haɗawa da su, domin ranar da kika mayar da tsarin makon jiya, babi na huɗu ma zai koma na makon jiya. Ga shi yawanci a cikin faifan laftof ɗin take ajiya, in ya mutu sun tafi tare.

Ki bar ta a kan aikinta. Don kundin, ki sauke Déjà Dup daga rumbun manhajojin Mint, ita ma kyauta ce. Ki nuna mata jakar takardunki, ta riƙa kwafa zuwa faifan waje ko Google Drive, wanda gigabait 15 ɗinsa na kyauta ya fi ƙarfin kundi. Tana kulle kwafin da kalmar sirri, wadda in kin manta ba mai buɗe miki, don haka ki rubuta ta a bayan littafin darasinki. Ki kuma gwada dawo da fayil ɗaya yau ɗin nan.

Na ƙarshe wani matashi ne daga Kumo: an yi masa tayin filash mai terabait 2 a kuɗin da bai kai rabin na faifan waje ba, yana so ya zuba hoton kwamfutarsa a ciki.

Ƙanina, araha ba ta ado. Irin waɗannan ƙaramar filash ce aka koya wa ƙarya. Tana nuna terabait 2, tana karɓar duk abin da ka ba ta, sunayen fayilolin ma za ka gan su reras, amma da ta cika ainihin cikinta sai sauran su bi iska, ba manhajar da za ta dawo da abin da ba a taɓa rubutawa ba. In mai kayan ya yarda da kayansa, ya bari ka gwada ta da F3, manhajar gwada filash, a kan Linux: f3probe kan tona asirin jabu cikin ɗan lokaci, f3write da f3read kuma su cika ta su karanta a ga abin da ya dawo. In ya ce ba a gwaji sai an biya, miƙa masa abarsa.