Tambaya da Amsa: Me zan iya saya a gidan burodin Sinawa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne mai sayar da kayan wayar salula a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da ke Kaduna, kuma nakan je birnin Guangzhou na ƙasar Sin saro kaya. Kusa da masaukina akwai wani ƙaramin gidan burodi na 'yan unguwa wanda kullum da safe yake cika da jama'a, amma ban san abin da ake sa wa a cikin kayansu ba. Abokan tafiyata sun ce duk abin da ba a ga nama a cikinsa ba ya halatta. Shin haka ne? Daga wani mai karatu, Tudun Wada, Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Maganar abokan tafiyarka tana buƙatar gyara, domin a gidan burodin Sinawa ba naman da ido yake gani ba ne babban abin lura, maiƙon da aka kwaɓa fulawa da shi ne. Masu gasa burodi na kudancin Sin sun daɗe suna amfani da kitsen alade, saboda shi ne yake sa ɓawon kayan gashi ya yi ruɓushi yana fita salo-salo. Wasu gidajen sun koma ga bota ko man girki, wasu kuma suna nan a kan tsohuwar hanya, kuma ba a iya bambancewa da kallo.

Ɗauki misalin dan tat, wato ɗan ƙoƙon fulawa da ake zuba wa haɗin ƙwai da madara da sukari a gasa shi. Ya shahara a Guangzhou da Hong Kong, wadda Birtaniya ta mulka har zuwa 1997, akwai kuma samfurinsa na Macau mai ƙonannen sama wanda ya samo asali daga Turawan Portugal. Abin da ke cikinsa ba shi da laifi, amma ɓawon nan mai salo-salo a al'adance da kitsen alade ake yin sa. Haka nan bolo bao, wanda ake kira burodin abarba alhali babu abarba a cikinsa, tsagin da ke samansa ne kawai ya yi kama da bayan abarba. Wannan saman mai zaƙi haɗin sukari ne da ƙwai da fulawa da maiƙo, kuma maiƙon yana iya zama bota ko kitse. Kek ɗin wata (mooncake), wanda ake ci a bikin tsakiyar kaka ranar 15 ga wata na 8 na kalandarsu, shi ma sai an bincika, musamman mai haɗin gyaɗa da riɗi da sauran ƙwayoyi, domin akan cuɗa shi da kitse ko gutsattsarin naman alade.

Akwai waɗanda ba sa buƙatar dogon bincike. Char siu bao cike yake da gasasshen naman alade. Burodin da za ka ga an barbaɗa masa wani abu ruwan ƙasa mai laushi, sunan abin rousong, kuma galibi dambun naman alade ne. Na tsaya a kansa ne saboda ɗan Arewa yana iya ɗaukarsa ƙwalam irin na gida. Ko an ce maka naman kaza ne ko na sa, batun yanka yana nan, ga kuma giyar shinkafa da sukan zuba a girkin nama.

Mafi sauƙin al'amari shi ne mantou, farin burodin da ake turarawa kamar alkubus, wanda asalinsa fulawa ce da ruwa da yis. Sai dai ka duba ko a madambaci ɗaya ake turara shi da masu naman alade, domin hakan ya zama ruwan dare a ƙananan shaguna. Jian dui kuwa ƙwallon garin shinkafa ne mai danƙo da ake birgima a riɗi a soya, cikinsa da markaɗaɗɗen jan wake mai zaƙi, kuma a nan man suyar da maiƙon waken ne abin tambaya.

Abin sha ya fi sauƙin sha'ani. Madarar waken suya, doujiang, ita ce abin karin kumallon talakawansu, da sukari ko babu. Shayin madara irin na Hong Kong baƙin ganye ne mai ƙarfi da ake tacewa ta jakar ƙyalle a haɗa da madarar gwangwani, idan kuma aka ƙara masa gahawa ya zama yuenyeung. Shayin nan mai baƙaƙen ƙwallaye a ƙasan kofi daga Taiwan ya fito a shekarun 1980, kuma ƙwallayen da sitacin rogo ake yin su. A ganina sukarinsa ya yi yawa, don haka mai ciwon suga ya nemi a rage masa, yawancin shagunan suna yarda.

Shawarata ita ce ka nemi alamar 清真, wadda ake karantawa cingjan, domin da ita Musulmin Sin, kamar 'yan ƙabilar Hui da Uygur, suke nuna abincin halal. A unguwar Xiaobei, inda 'yan kasuwar Afirka suka fi sauka, shaguna masu wannan alama suna da yawa, kuma birnin yana da tsohuwar al'ummar Musulmi, ga Masallacin Huaisheng shaida. Idan kuwa gidan burodin da ke kusa da kai kake so, ka ajiye 猪油 a wayarka, wato kitsen alade, ka nuna wa mai shagon a kan kowane abu da kake niyyar saya, ba a kan shagon gaba ɗaya ba, tunda gida ɗaya yana iya yin dan tat da bota ya kuma yi wani abin da kitse. Abin da ke cikin leda kuma yana da jerin kayan haɗi a bayansa, kana iya haska shi da manhajar fassara kafin ka biya kuɗi.