Ku Tambaya: Wai Me Ake Gyarawa A Tsofaffin Katun Ɗin Japan?

Tambaya: Salam. Ni fa tun muna yara a Tudun Wada, da an taso daga Islamiyya sai gudu gidan maƙwabta kallon Voltron a NTA, yanzu naji wai an gyara irinsu suna fitowa a faifan bidiyo na Blu-ray, shin sabon zane akai ko yaya? Inaso yarana su gani.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, wallahi ka sosa min inda ke min ƙaiƙayi, nima har yau in na tuna zakunan nan biyar suna haɗewa sai naji tsigar jikina ta tashi. Ba sabon zane bane. Voltron na 1984 asalinsa GoLion ne da kamfanin Toei na Japan yayi a 1981, kuma lokacin da hannu ake zana komai a shafa kala sannan a ɗauka a fim, to wannan tsohon fim ɗin ake ɗaukowa a saka a kwamfuta a goge ƙura da ƙarzuwa a dawo da kalar data dushe, shiyasa zakaga hoton ya fito tar.

Amma ka lura, hotonsu kusan murabba'i ne irin na tsohuwar talabijin, wasu kamfanoni sukan datse sama da ƙasa don ya cika faffaɗan allo, ni wannan yana ɓata min rai sosai, gara wanda ya bar baƙi a gefe biyu. Sannan an raba faifan Blu-ray yanki-yanki, na'urar wani yanki ba lallai ta kunna faifan wani yankin ba, faifan Japan da Amurka na yankin A ne mu kuma B muke, ka duba na'urarka kafin ka biya kuɗi.