Fili naku ne, amma girman filin wasa ba a hannunku kaɗai yake ba

Tambaya:

Barista, barka da aiki. Ni ne sakataren kwamitin da ƙungiyarmu ta ƙwallon ƙafa ta ɗora wa alhakin gina sabon filin wasa. Mun sayi fili a gefen gari tun wurin ba kowa, takardunmu kuma cikakku ne. Shirinmu mu fara da wurin zaman mutum 15,000, in hali ya yi mu ninka shi ta ɓangaren gabas. Yanzu mutanen da suka yi gidaje a kewaye sun aiko mana da takardar lauya cewa ba su yarda ba, wai saboda hayaniya da cunkoso. Mai filin da ke gabas da mu, wanda ya yi mana alkawari da baki cewa zai sayar mana, shi ma ya canza magana. Ɗan kwangilarmu ya ce mu fara tona harsashi, izini ya biyo baya. A ganina mun riga su zuwa, kuma filin wasa amfanin jama'a ne, don haka gwamnati za ta iya karɓar mana filin gabas. Mu kai su kotu ne?

Amsa:

Malam Sakatare, na gode da wasiƙarka. Dokokin ƙasa da na gini sukan bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, wani lokaci ma daga jiha zuwa jiha. Abin da zan faɗa ginshiƙai ne da ake samu a wurare da yawa, musamman inda aka gaji tsarin shari'ar Ingila. Ka kai wa lauyan ƙungiyarku, ya auna su da takardunku da dokar wurinku kafin ku ɗauki mataki.

Takardar mallaka tana nuna wane ne mai fili. Ba ta faɗin abin da za a gina a kansa. Wannan hurumin hukumar tsara gari ne. In an ware wurin don noma ko gidajen zama, sai an nemi a sauya masa manufa, sannan a zo kan izinin gini, da binciken illar aikin ga muhalli, da rahoton zirga-zirgar motoci, da magudanan ruwa. Waɗannan aikin yau da kullum ne, injiniyoyinku sun san su. Maganar ɗan kwangilarku kuwa ba ta yi mini daɗi ba ko kaɗan. Shi kuɗin aikinsa zai karɓa ya tafi. Ranar da hukuma ta ba da umarnin dakatarwa ko rushewa, asarar ta ƙungiya ce, kuma ku 'yan kwamiti za a tambaya. Bayan haka, wanda ya fara gini babu izini ya raunana kansa a gaban kowane alƙali. Kada a tona komai.

Yanzu batun "mun riga su zuwa", wanda na ga shi ne ka fi dogara da shi. A tsarin shari'ar da nake magana a kai, riga maƙwabci zuwa ba kasafai yake kare mutum daga ƙarar cutarwa ba. Akwai hukuncin Kotun Ƙoli ta Birtaniya na shekarar 2014, wanda ake kira Coventry da Lawrence. Filin tseren babura ne da aka gina tun wajajen 1975, masu ƙara kuwa sai a 2006 suka sayi gida kusa da shi, suka koka da ƙarar injina. Kotun ta ce zuwansu daga baya bai hana su haƙƙinsu ba, kuma izinin da hukuma ta ba filin, shi kaɗai, bai halatta masa cutar da maƙwabci ba. Ta dai nuna cewa alƙali yana iya yanke diyya maimakon ya hana harkar gaba ɗaya, kuma yanayin unguwa abin dubawa ne. To ka lura, wancan filin yana aiki shekara da shekaru kafin masu ƙara su zo. Ku kuwa fili kawai kuka saya, ba ku gina komai ba, mutanen suka zo suka tarar da fegi shiru. A wajen alƙali, mai yiwuwa su ne mazauna, filin wasanku ne baƙo.

Ko manyan ƙungiyoyi ba su tsira daga wannan ba. Chelsea ta sami izini a farkon 2017 na sake gina Stamford Bridge ya ɗauki mutum kusan 60,000. Iyali guda da ke maƙwabtaka da filin suka nufi kotu cewa sabon ginin zai tare musu hasken rana, aikin ya shiga ƙila-wa-ƙala, har sai da ƙaramar hukumar yankin ta sa baki da ikonta a Janairun 2018. Gida ɗaya ke nan. Ku unguwa guda ke gabanku.

Ban ce maƙwabtanku suna da ikon hana ku ba. "Ba mu yarda ba" ba hukunci ba ne, kuma takardar lauya da ta nemi a soke aiki ɗungurungum, ba tare da ta faɗi takamaiman cutarwar da ake tsoro ba, a ganina ta wuce gona da iri. Abin da doka takan ba su shi ne a saurare su lokacin da hukuma ke duba takardunku, su ƙalubalanci izinin in an ba da shi ba bisa ƙa'ida ba, su kuma yi ƙara in cutarwar ta zarce abin da maƙwabci mai hankali zai jure. Kotuna sukan yi taka-tsantsan wajen dakatar da abin da bai faru ba tukuna, sai in an nuna haɗarin a kusa yake. Amma ko ƙarar da ba za ta yi nasara ba tana iya cin shekaru, ta kori masu zuba jari.

Girman filin ma ba yawan kujerun da kuka saya ke yanke shi ba. A Birtaniya, bayan mutum 66 sun rasu a filin Ibrox a 1971, an yi dokar kiyaye rayuka a filayen wasa a 1975, wadda ta wajabta wa manyan filaye takardar shaida daga hukuma. Ƙa'idar da suke bi, wadda ƙasashe da yawa suka ara, ita ce a lissafa abu huɗu: mutum nawa wurin zama zai ɗauka, nawa ƙofofi za su shigar cikin awa guda, nawa za su iya fita cikin minti takwas, nawa kuma za a iya kwashewa in gobara ko wani haɗari ya taso. Mafi ƙanƙanta a cikinsu shi ne adadin filin. Wato kuna iya jera kujera 15,000 a ba ku izinin shigar da ƙasa da haka nesa ba kusa ba, don kawai ƙofofinku ko titin da ke bakinsu sun yi ƙunci. Wannan tsauri da jini aka saye shi. Turmutsitsin filin Hillsborough da ke Ingila na 1989 ya ci rai 97. A Akara, ranar 9 ga Mayu 2001, mutum 126 suka rasu. A Janairun 2022 mutum takwas suka mutu a ƙofar filin Olembe da ke Yawunde, sabon fili fil. In irin wannan ya faru, Allah ya kiyaye, masu fili ake fara tuhuma, kuma tuhumar tana iya wuce diyya ta kai ga laifi. In kuma kuna da burin karɓar wasannin nahiya, ku nemi sharuɗɗan CAF, hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, tun ana kan zane. A 2021 ƙasashen Afirka da dama sun buga wasanninsu na gida a ƙasashen waje saboda filayensu ba su cika sharuɗɗa ba.

Sai faɗaɗawa. Izinin mutum 15,000 bai ƙunshi na 30,000 ba. Sabuwar buƙata za ku shigar, a sake duba hanya da wurin ajiye motoci da hayaniya, a lokacin da gidaje suka ƙaru, masu ƙorafi suka yi yawa. Izini ma yana da wa'adi: na Chelsea ɗin nan ya ƙare a 2020 ba a aza tubali ko ɗaya ba. Arsenal kuwa barin Highbury ta yi a 2006, ta koma sabon fili, saboda gidaje sun kewaye tsohon kuma wani sashe na ginin yana cikin waɗanda doka ta hana a rushe. Ba a fafe gora ranar tafiya. Shawarata ku gabatar wa hukuma cikakken tsarin tun yanzu, zango na farko da na biyu, ku nemi amincewarta da shi ko da a dunƙule ne in dokarku ta ba da wannan dama. Kada ku ɓoye zango na biyu don gudun surutu. Ranar da ya fito, amanar da ke tsakaninku da unguwa ta tafi.

Alkawarin mai filin gabas, in faɗa maka gaskiya, da wuya ya tsaya a kotu. Tun dokar Ingila ta 1677 ake neman cinikin ƙasa ya zama a rubuce da sa hannu, ƙasashe da yawa kuma sun gaji wannan. Akwai togaciya: in kun biya wani abu ya karɓa, ko ya bar ku kun shiga filin kun kashe kuɗi bisa maganarsa, ko cinikin yana ƙarƙashin wata doka dabam da ke karɓar shaidu, lauyanku ya duba. Ba ka ambaci ko ɗaya ba. Abin da mutumin ya yi ba halin kirki ba ne, ya ga aikinku ya ɗaga darajar wurin sai ya janye. Amma saɓa alkawarin fatar baki ba kullum yake zama abin ƙara ba. Ku koma masa da sabon tayi. In ba ku da kuɗin saye yanzu, ku ba shi kafin alƙalami a rubuta yarjejeniya cewa ku ke da zaɓin saye cikin shekaru kaza, a kan farashi kaza ko wanda mai ƙima zai yanke, a kuma yi mata rajista don ta ɗaure duk wanda ya saya ko ya gaji filin.

Zancen gwamnati ta karɓar muku shi, kada ku gina shirinku a kai. Ikon karɓe ƙasa don amfanin jama'a na gwamnati ne, da sanarwa da diyya, kuma ana iya ƙalubalantarsa. A Najeriya, alal misali, sashe na 28 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya ɗaure soke mallaka da maslahar jama'a mai rinjaye, kuma karɓe filin wani don a miƙa wa wani mai zaman kansa abu ne da kotuna ke dubawa da idon basira. Yakan yiwu a wasu wurare. An karɓar wa Tottenham fili ta wannan hanya a Landan, bisa hujjar farfaɗo da unguwar baki ɗaya, amma wani ƙaramin kamfanin ƙera ƙarfe ya ja da su har gaban babbar kotu, sai a 2015 aka yanke hukunci, filin kuma bai buɗe ba sai 2019.

Don haka amsar tambayarka ita ce a'a, ban ga abin da za ku kai kotu yanzu ba. Maƙwabta wasiƙa suka rubuto, rubuta wasiƙa kuwa ba laifi ba ne. Shari'a saɓanin hankali ce, kuma ko kun yi nasara, da mutanen nan za ku zauna duk ranar wasa. Lauyanku ya ba su amsa cikin ladabi, ba tare da amsa wani laifi ba, ya gayyace su zama a gaban mai shiga tsakani da kowa ya yarda da shi. Ku je da abin bayarwa a hannu: lokacin kashe fitilu da lasifika, iyakar yawan bukukuwan da ba na ƙwallo ba a shekara, ƙofar da manyan motoci za su bi, masu kula da hanya ranar wasa, kwashe shara washegari, katanga ko bishiyoyi ta ɓangaren gidaje, da damar matasan unguwa su yi atisaye a filin. Duk abin da aka amince a rubuta, a sa hannu, a haɗa shi da takardun neman izini, zango na biyu ma ya shiga ciki.

Inda kotu za ta iya amfanar ku shi ne in hukuma ta hana izini ba tare da dalili na doka ba. Wa'adin ɗaukaka irin wannan ƙorafi yakan yi gajere ƙwarai, saboda haka ku riƙa ajiye kowace takarda da ranar da ta iso. In kuma mai filin gabas ya kafe, ku tambayi mai zanenku ko harsashi zai iya ɗaukar bene na biyu nan gaba. In ya ce ba zai yiwu ba, kwamitinku ya zauna ya sake duba ko wannan fili ne ya dace da ku, tun ba a zuba siminti ba.